Ranar da Na Bar Cire Kabul

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na tsaya a lakwal, mahaifina ya ce shanu sun fi mushe, wato malamin lakwal, buƙatata. Na yi kiwo, na yi koren dabbobi daga kasuwa zuwa kasuwa, na bi manyan motoci har bayana ya ce ya gaji. Da ƙafa ta fara ƙin tafiya sai na buɗe shagon fotokopi a nan Dakoro, a kan hanyar da ke shiga kasuwar dabbobi. Masu cewa sai mai diplom ke iya wannan aiki, su zo su wuni tare da ni. In na ga harafi a takarda, zan nemo ɗan'uwansa a kan maɓallai da yatsa biyu in danna. Ba ni da sauri, amma ba a cika maido aikina ba.

Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, da babban mashin duka na hannu ne, daga wani biro, wato ofis, da aka rufe a Maraɗi. Mashin ɗin shi ke fotokopi, shi ke ɗaukar hoton takarda ya tura cikin ordinatar, shi ke bugawa. Tsakaninsu akwai wani ɗan baƙin akwati mai ƴan fitilu, kabul ɗaya ya tafi wajen mashin, ɗaya ya zo bayan ordinatar. Wanda ya sayar mani da su shi ya zo ya haɗa. Mushe ne, sa'ana, yana koyar da ordinatar a Maraɗi, yana gyara a gefe. Da zai hau mota ya ce mani, "Malam, ka yi aikinka kawai. Ciki kuma kar ka taɓa komi." Na riƙe wannan magana fiye da yadda shi ya riƙe ta.

Intanet kuwa daga salulata take zuwa. In buɗe wifi, in rataye salular a ƙusa jikin taga, don nan ne rezo ya fi kamawa, ordinatar ta sha daga can.

Tun satin farko na gane wani abu. In kabul na ciki, mashin na aiki lafiya, amma intanet ta mutu, alhali alamar wifi tana nan cike. In na zare kabul, intanet ta dawo, mashin kuma ya zama kurma. Na gwada sau uku, na ce to, na fahimta. Na taɓa ganin bijimai biyu a kwami ɗaya, sai an janye ɗaya ɗayan ke sha. Sai na ɗaura wa kabul ɗin jan ƙyalle don hannuna ya riƙa samunsa ba sai na duba ba. Mai son a buga mishi takarda, in saka. Mai son a aika, in cire. Shekara biyu ina haka. Ban taɓa kiran Mushe a kai ba, don ban ɗauke shi ciwo ba, halin ƙarfen na ɗauke shi. Har alfahari nake, in wani ya tambaya in ce mishi ai kowane ƙarfe da yadda ake bi da shi.

A shekarar da nake magana, damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare da wuri a arewa. Kafin bazara ta yi nisa an fara sa itace ana tada shanun da yunwa ta kwantar, mutum biyu nan, biyu can. Sai aka ji wani porje na masu agaji zai kawo dusa, amma sai wanda aka rubuta sunansa ta intanet, kuma za a rufe wata Laraba da ƙarfe biyar na yamma. Mutanen mahaifiyata suna wata ruga wajen Tagriss. Labarin bai kai musu ba sai da ya rage kwana biyu.

Ranar Larabar, da hantsi, ina goge gilashin mashin, sai na ji murya a ƙofa.

"Ina ragon birnin nan? Ko har yanzu bai tashi ba?"

Taubashina ne, ɗan ƙanen uwata. Tare muka yi kiwo muna yara, kuma tun lokacin bai taɓa kirana da sunan kirki ba.

Na ce, "Baƙauye, wa ya nuna maka hanya? Goge ƙafarka kafin ka shigo, nan ba garke ba ne."

"Ka ga ciki! Kai takarda kake bugawa ko cinye ta kake?"

Na leƙa bayansa, dariyar ta tsaya. Mutum wajen arba'in ne, da rawuna da sanduna, sun sauko daga bayan motar kamiyo, duk sun yi futu-futu. A gabansu Ardo, tsohon da ke shugabantar rugar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa hannu a kafaɗata ya ce, "Ɗan ƙanwarmu, an ce kai ne ka san hanyar abin nan. Ga mu. In ba a rubuta mu yau ba, abin da ya rage a garke ba zai ga ruwan sama ba."

Na ce, "Baba, ku zauna. Kafin azahar mun gama."

Da gaske na faɗa. Ban san shafin porjen ba tukuna.

Ga yadda abin yake. Kafin ka shiga shafin, sai an turo wasu lambobi a salular Ardo, ka kwafa. In ka shiga, ka rubuta sunan mutum da yawan dabbobinsa, ka liƙa hoton katin dantitensa, wato na ɗan ƙasa, ka aika, sai wata ƴar takardar shaida ta fito mai lamba, wadda zai nuna ranar karɓar dusa. Hoton kati sai da mashin. Aikawa sai da intanet. Buga shaida sai da mashin. Kuma shafin ba shi da haƙuri ko kaɗan, da intanet ta ɗauke zai kore ka waje, sai an sake turo sababbin lambobi.

Salular Ardo kuwa tana cikin wata ƴar jakar fata, jakar tana rataye a wuya, ƙarƙashin riga biyu. Duk lokacin da aka turo lambobi sai ya jingine sanda, ya ɗaga riga, ya kwance igiya, ya miƙo mani. In na kwafa sai ya karɓa ya mayar, ya ɗaure, ya sauke riga. Na ce, "Baba, ka bar ta a kan tebur mana." Ya ce, "A'a, ta saba da wurinta."

Mutum uku na yi a awa guda. Saka, ɗauki hoto, cire, jira lambobi, rubuta, aika, saka, buga. Gumi na bin gemuna.

Na ce ba za ta yiwu ba, bari in yi dabara. Na tara kati takwas, na ɗauki hotonsu a tashi ɗaya, na cire kabul na aika su duka, na mayar na buga shaidu takwas. Na ji daɗin kaina. Na miƙa wa taubashina ya raba. Nan rigima ta tashi. Cikin takwas ɗin, huɗu sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, kuma duka katin ya ce an haife su "wajen" shekara ɗaya, don ranar da aka je yi musu kati a tare aka je, mai rubutun ya dube su ya yanka musu shekara guda. Takardar shaida ba hoto a kanta. Ɗaya mai shanu da yawa ne, ɗaya awaki bakwai gare shi. Wace ce ta wa? Babu mai karatu a cikinsu, taubashina kuma ya riga ya cakuɗa su kamar karta. Har an fara ɗaga sanda. Sai da na koma cikin shafin na bi lamba bayan lamba kafin kowa ya riƙe tasa.

Ardo ya buga sandarsa a ƙasa. "Daga yanzu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya ba da katinsa, ya karɓi kati da takarda a hannu guda, ya fita. Ban son jini a kan dusa."

Gaskiyarsa. Na koma cire da saka. A mutum na goma sha biyu, na ja jan ƙyallen nan, sai na ji ƙas. Ɗan harshen roba da ke riƙe kan kabul a raminsa ya karye. Yanzu ko na saka, sai an dafe shi da hannu, in an saki ya zame.

Na dubi agogo, sha biyu ta wuce. Na dubi waje, mutum kusan talatin a inuwar bango.

Taubashina ya sunkuyo ya ce a hankali, ba da wasa ba wannan karon, "Ɗan gwaggo, in ba za ka iya ba ka faɗa mani yanzu, in kai su wani wuri."

Na ce, "Wane wurin? Sauran shagunan ma layi ne har titi. Ba ni salularka."

"Taka fa?"

"Tawa ita ke ba da wifi. In na yi kira da ita intanet ɗauke wa take."

Ya zaro wata ƴar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da robar taya. Na ce, "Wannan a cikin kashin raƙumi ka tsinto ta?" Ya ce, "Ita za ta cece ka yau, ka gaishe ta."

Na kira Mushe. Yana cikin motar haya, ana ta hayaniya. Na faɗa mishi komi. Ya ce, "Tun yaushe kake cire kabul ɗin?"

"Tun da ka haɗa."

"Shekara biyu? Malam! Ai da ka kira ni. Abin minti biyar ne."

"Kai ka ce kar in taɓa komi."

"Na ce kar ka taɓa, ban ce kar ka tambaya ba. Zauna gaban ordinatar."

Ya riƙa faɗa ina bi. Danna nan, buɗe can, nemi inda aka zana ɗan hoton kabul, ba na wifi ba. Taubashina yana riƙe mani salular a kunne, wani dattijo yana tsugune bayan tebur ya dafe kan kabul da babban yatsa. Har muka iso wani ɗan shafi mai gidaje uku a jere, farare. Mushe ya karanto lambobin gidan farko, na rubuta. Ya karanto na biyu, na rubuta. Ya ce, "Na ukun ka bar shi haka nan, kar ka sa komi. Sai ka danna..." Sai layin ya yanke. Motarsu ta shiga inda ba rezo.

Na zauna ina kallon gida na ukun.

A nan ne na yi abin da na yi, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ni shekara da shekaru aikina cika dosiye ne. Na neman aiki, na jarrabawa, na kati, na fili. Abu ɗaya da na sani kamar sunana shi ne, takarda ba a kai ta biro da gida a buɗe. In ka bar gida ɗaya fari, mai tebur ba zai ma karanta sauran ba, zai turo maka ita da bayan alƙalamin bik ya ce a je a cika. Na sha ganin tsoho ya yi tafiyar wuni an maido shi saboda gida ɗaya. Har in mutum ba shi da abin sawa, ja mishi layi nake, don kar a ce an manta. Sai zuciyata ta ce, Mushe yana cikin hayaniya ne, bai ji abin da ya faɗa ba. Ko kuwa yana nufin in bar shi zai faɗa mani daga baya. Ta yaya ƙarfen Turawa, su da suka ƙirƙiro dosiye, zai karɓi takarda da gida a buɗe?

Na juya ɗan baƙin akwatin nan, na ga wasu lambobi a liƙe a ƙasansa masu kama da na gidan farko. Na ce ga su nan. Na kwafe su tsaf a gida na uku, na danna.

Ba abin da ya canza. Kabul na ciki, intanet a mace.

Na kashe ordinatar na kunna. Na kashe akwati na kunna. Na sauke salula daga ƙusa na mayar. Na shiga ƙarƙashin tebur ina bin wayoyi da hannu, ina zagin Mushe a raina, ina cewa ɗan boko ya ɓata mani abin da ke aiki. Aka kira azahar, mutane suka je suka dawo. Layin Mushe bai shiga. Na yi salla a gurguje na koma ƙarƙashin tebur. Fiye da awa guda ta tafi a haka, ko mutum ɗaya ban rubuta ba.

Wajen ƙarfe biyu da wani abu ƴar salular taubashina ta yi kuka. Mushe ne, ya sauka.

"Ya yi?"

"Bai yi ba. Dabararka ba ta aiki."

"Karanto mani abin da ke shafin."

Na karanto na farko, ya ce daidai. Na biyu, daidai. Na fara karanto na uku.

"Tsaya. Wa ya sa wannan?"

"Ni. Ai ba a barin gida a buɗe."

Na ji ya ja numfashi. "Malam, wannan ba takardar gidan magajin gari ba ce. Saurara. Gida na ukun nan, tambayar ordinatar ake: in za ki fita gari, ta wace ƙofa za ki bi? Kabul ɗinka ba ya zuwa ko'ina, daga tebur zuwa mashin ya tsaya. Amma akwatin nan, tun yana tsohon bironsa, ya saba cewa shi ne ƙofar gari, don can da gaske ne. Ita kuma ordinatar in ta ga kabul ta fi yarda da shi a kan wifi. Sai ta bi shi, ta je ta tarar da bango, ta tsaya. Abin da ke faruwa ke nan shekara biyu. Ni na ce ka bar gidan a buɗe don ta san ta nan ba hanya. Kai kuma ka ɗauki hannunka ka rubuta mata sunan bangon."

Na gane tun bai rufe baki ba. Ba faɗa suke ba, kabul da wifi. Ko alama. Na taɓa kora shanu zuwa rijiyar da ta ƙafe don kawai nan suka saba, ga wata da ruwa a bayan tudu.

Na goge lambobin. Hannuna bai so ba, wallahi, sai da na dube shi fari fat na ji kamar na fita ba hula. Na danna.

Dattijon nan yana dafe da kabul. Na buɗe shafin porje, ya buɗu. Na ɗora kati a mashin, hoto ya shigo. Shafin bai kore ni ba. Na rubuta, na aika, na danna bugawa, mashin ya yi gurnani ya turo takarda. Duka a zama ɗaya, ban miƙa hannu bayan ordinatar ba.

Taubashina ya ce, "Shi ke nan? Abin da ya hana mu tun safe, rashin rubutu ne maganinsa? Ai da ni ka ba, ni da ban iya rubutun ba, da tuni mun gama."

Na ce, "Rufe baki ka samo mani tsinken ashana."

Na soka tsinken a gefen kan kabul ya riƙe shi, dattijo ya miƙe yana yarfe yatsa. Ardo ya ciro salularsa sau ɗaya, na kwafi lambobi, bai sake ɗaga riga ba har yamma. Taubashina ya tsaya a ƙofa yana shigo da su ɗaya ɗaya, tsofaffi a gaba. Kati ya hau gilashi, yatsa biyu su yi aikinsu, takarda ta fito, mutum ya haɗa da katinsa ya fita. Ban sha ruwa ba, ban ɗaga kai ba. La'asar ma sai da na gama na yi ta. Taubashina shi ne na ƙarshe, ya ce in rubuta mishi raƙuma ɗari. Na rubuta abin da na san yana da shi. Takardarsa ta fito biyar saura kwata.

Na jingina da bango na ce, "Baba, an gama."

Ardo yana ƙirga mutanensa da kan sanda. Ya ƙirga, ya sake. Ya ce, "Saura uku."

Ashe lokacin da nake ƙarƙashin tebur, mutum uku sun tashi. Washegari da asuba layinsu ne a rijiya, ba su da mai ja musu guga, kuma motar arewa ɗaya ce, bayan azahar take tashi. Sun ga ba abin da ke motsi, suka ce in dusa ba ta samu ba kar ruwa ma ya wuce su. Katinsu kuwa ba za su bari ba, ba mai bin wannan hanya da bariyar jandarma ba kati a aljihu. Ba su yi sallama ba don kar su kunyata Ardo. Ni mai shagon fotokopi, da na ɗaga kai na gan su, da na ɗauki hoton katunan cikin minti biyu na sallame su. Aka kira wanda ke da salula a cikinsu, ba rezo. Muna zaune biyar ta buga, na sake buɗe shafin, ya ce an rufe.

Sati biyu bayan nan, ranar kasuwa, babban cikinsu ya zo shago tare da taubashina. Ban jira ya tambaya ba. Na ce, "Kawu, rashin sunanku laifina ne. An faɗa mani abin da zan yi, na yi nawa. Awar da kuka tashi, ni na ɓata ta." Ya daɗe yana kallon mashin. Ya ce, "To. Mun ji."

Da dusa ta zo, Ardo ya sa aka buɗe kowane buhu aka ɗebi tiya biyu, aka tara wa mutum ukun. Bai kai rabon da za su samu ba. Kawun nan ya rasa shanu biyu kafin ruwa ya sauka. Ko cikakken rabo zai tsayar da su, ban sani ba, kuma ba zan ce ba zai tsayar ba don in ji sanyi.

Har yau nan yake kawo takardunsa, bai canza shago ba. Sai dai ba ya zama a benci kamar kowa. Yana tsaye a kaina da sandarsa, yana kallon yatsuna, har takarda ta fito. Ban taɓa ce mishi ya zauna ba.